Binciken ƙungiyoyinmu: mu nemi kujera a zauren duniya ko mu fara sanin juna?

Maman Ilham (Marwa):
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da war haka. Akwai maganar da nake son mu baje ta a faifai, musamman ku shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata, da ku ɗalibai. An daɗe malaman jami'a a ƙasashe daban-daban suna haɗa kai wajen binciken kasuwancin amfanin jama'a, wato harkar da ke saye da sayarwa kamar kowa, amma an kafa ta ne don magance wata matsalar mutane, ribar kuma ba ta aljihun mutum ɗaya ba ce. Cikin sanannun ƙungiyoyinsu akwai EMES, wadda malaman Turai suka kafa a 1996, mazauninta na Liyej a ƙasar Beljiyam. A 2013 suka fara wani babban aiki mai suna ICSEM, ya tara masu bincike wajen 230 daga ƙasashe 55. Manyan littattafai huɗu da aikin ya haifar, ɗaya kan Asiya ne, ɗaya kan Latin Amurka, biyu kan Turai.

Mu kuwa nan, da wuya ka shiga ƙauye ka rasa GIC, wato ƙaramar ƙungiyar haɗin kai mai rajista, ko kofaratif ko rumbun gayya ko adashe. Tun dokar Kamaru ta 1992 mutum biyar sun isa su yi rajistar GIC, a watan Afrilun 2019 kuma Kamaru ta yi doka sukutum kan tattalin arzikin jama'a. Abin yana nan birjik, masu nazarinsa ne ba su san juna ba. Na Marwa bai san abin da na Injamena ke ciki ba. Shin mu haɗa kanmu mu nemi shiga irin waɗancan zaurukan, ko akwai abin da ya kamata ya riga?

Baban Sadiq (Garwa):
Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara ilimi. Ni bokona ba mai zurfi ba ne, amma na daɗe riƙe da littafin ƙungiyarmu ta masu albasa, bari in faɗi abin da idona ya gani. Masu bincike sun sha zuwa wurinmu. Mu bar ban ruwa mu zauna gindin darbejiya tun hantsi har azahar, a tambaye mu buhu nawa muke samu, nawa ke ruɓewa a rumfa, wa ke saye, mata nawa ne a cikinmu. Mu amsa tsakani da Allah. Su shiga mota, shi ke nan. Ban taɓa ganin wanda ya dawo ya ce ga abin da ya gano ba.

Tambayar da ke ci mini tuwo a ƙwarya kuma ba wanda ya taɓa yin ta. Me ya sa GIC ke mutuwa da zarar furoje, wato shirin tallafi, ya naɗe tabarmarsa? A yankinmu akwai waɗanda aka kafa lokaci ɗaya da tamu, aka ba mu injin ban ruwa iri ɗaya, yau takardar rajista kawai ta rage a akwatin shugaba. Tamu tana nan da ranta. Ina da zatona, amma zato ba sani ba ne. In bincikenku zai amsa wannan, ina ciki. In na buhu nawa ne, mun gaji.

Ɗan Ngaundare:
Baba Alhaji, wallahi kun taɓo inda ke mana ƙaiƙayi, don mu ne ake turowa da waɗannan tambayoyin. Ana ɗaukarmu aikin anketi, wato bi ana yi wa mutane tambayoyi ana tara bayanai, na 'yan makonni, a ba mu kwamfutar hannu, tambayoyin an riga an tsara su a wani ofis can nesa. Sai ka ga an ce wa ya mallaki harkar, ga akwatuna huɗu ka zaɓi ɗaya. To rumbun da unguwa ta gina da gayya, mai unguwa da liman da wata tsohuwa ke kula da shi, wane akwati zan danna? Sai in danna "sauransu" in wuce, don da yawan takardun da ka cike ake biyanka. Da yamma bayanan su tafi ta intanet. Da na nemi in yi amfani da wani ɓangare a kundin digirina na biyu, aka ce ba nawa ba ne. Sunanmu kuma ko a shafin godiya babu.

Ɗan Gider (Beljiyam):
Ƙanena, abin da ka faɗa gaskiya ne, amma kada mu yi wa kowa kuɗin goro. Ina karatun digiri na uku a nan, na ga yadda wasu ke aiki. Tsarin ICSEM, wanda Jacques Defourny da Marthe Nyssens suka jagoranta, ba da takardar tambayoyi aka fara shi ba. Da farko masu binciken kowace ƙasa suka zauna suka rubuta yadda abin yake a gidansu: tarihinsa, dokokinsa, ire-irensa. Sai daga baya aka tsara tambayoyi guda, aka tattara bayanai kan harkoki 721 a ƙasashe 43. Da akwai wani daga Marwa a matakin farko, da rumbun da kake magana ya sami akwatinsa.

Akwai kuma bambanci da ya shafe mu kai tsaye. Ma'aunin EMES ƙafa uku gare shi: harkar tana sarrafawa ko sayar da wani abu a kai a kai kuma tana iya yin asara, manufarta amfanin jama'a ce, sannan yadda ake yanke shawara a cikinta bai dogara da yawan kuɗin da mutum ya zuba ba. A Amurka kuwa, ƙungiyoyi irin su Ashoka, wadda Bill Drayton ya kafa a 1980, sun fi zura ido kan gwarzo guda mai sabuwar dabara. In da wannan idon aka dubi ƙungiyar Baba Alhaji, ba za a ga komai ba, don ba gwarzo, manoma ne da littafi da taron wata-wata. Da ma'aunin farko kuwa ita ce ainihin abin da ake nema. Wanda ba ya wurin da ake tsara ma'auni, da na wani za a auna shi. Shi ya sa ni ina goyon bayan mu shiga.

Matsalar da ba zan ɓoye ba ita ce ta nisa. Manyan tarukan EMES duk bayan shekara biyu ne, kuma a Turai: Helsinki a 2015, Sheffield a 2019, Frankfurt a 2023. Malami daga Marwa sai ya sauka Ngaundare, ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde neman biza, ga tikitin jirgi, ga kuɗin rajista da yuro.

Uwar Adashe (Kusiri):
Salamu alaikum. Ɗiyata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Malama, mu mata muna da akwati mai kwaɗo uku, makulli uku a hannun mata uku, akwatin a ɗakin ta huɗu. Duk mako muna zubi, mai bukata ta ci bashi ta yi sana'a, shekara ta zagayo mu raba. Masu anketi in sun zo, nawa kuka tara, nawa kuka ranta, iyakarta ke nan. Ba wadda aka taɓa tambaya me muke yi ranar da mijin wata ya rasu tana cikin takaba ga bashi a kanta. Ko ranar da aka tsare kayan wata a gadar Ngeli kifin ya lalace. Nan ne ƙungiya ke tsayawa ko ta watse. Mun yi shekaru muna gyara dokarmu kan irin wannan, a baki take, ba a rubuce ba. Mu mun san ta.

Kawu (Injamena):
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Akwatin nan naki mai kwaɗo uku yana da tarihi da ya kamata kowa a zauren nan ya sani. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wannan tsari da matan karkara a jihar Maraɗi ta Nijar, bisa adashen da suka riga suka saba da shi, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Daga can ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka har da wajenta, mu nan muka san shi da AVEC. Wato abin da aka gwada da matan Hausa shi ne ake karantarwa a duniya. Saboda haka ba roƙo za mu je yi ba, muna da abin kaiwa.

Sai dai ni ban yarda da ƙanena na Beljiyam ba kan abin da za a fara. Mun taɓa ganin haɗin kan masu bincike a wannan yanki, ba sabon abu ba ne. Akwai Mega-Tchad, da aka kafa tun 1984, masana harshe da tarihi da ƙasa da al'adu na kewayen Tafkin Chadi, har sun yi babban taronsu a Marwa a 2005. Akwai PRASAC nan Injamena, da ta haɗa masu binciken noma na Kamaru da Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Jami'ar Ngaundare ta yi dogon haɗin gwiwa da jami'ar Turomso ta Norwe tun shekarun 1990, ɗalibanmu da dama suka sami horo ta nan. Wanda ya fi burge ni shi ne LASDEL na Yamai, da aka kafa a 2001: cibiya ce mai zaman kanta a gida, tana horar da matasan masu bincike daga ƙasashen Afirka, baƙi su ne ke zuwa su same ta.

Ku duba kuma, doka ɗaya ke kanmu. Dokar kofaratif ta OHADA, wato ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda aka amince da ita a Lome a watan Disambar 2010, tana aiki a ƙasashe 17, har da Kamaru da Chadi da Nijar. Mutum biyar su kafa ƙaramar kofaratif, goma sha biyar su kafa mai majalisar gudanarwa. Ga tambaya a shirye: doka ɗaya, me ta yi wa masu shinkafar Yagwa, me ta yi wa na Bongor da ke tsallaken kogi? Me ta yi wa matan Kanem masu kwasar dihe, wato gansakukar da ake ci, a tafkunan kanwa, ko masu ƙaro? Wannan kwatancen ba ya bukatar biza. Daga Kusiri zuwa Injamena gada ce kawai.

Ɗan Gider (Beljiyam):
Kawu, na ji, kuma kwatancen Yagwa da Bongor tambaya ce mai kyau ƙwarai, kowace mujalla za ta so ta. Amma ku dubi halin da malamanmu ke ciki. Ƙarin girma a jami'a da takardun da ka buga ne. Jami'ar Marwa a 2008 aka kafa ta, ta Garwa sai 2022, malamai matasa ne, aji cike, ba kuɗin bincike. In muka ce sai mun gama gina na gida, wa zai duba mana rubutu ya gyara, wa zai nuna mana ƙofar masu ba da tallafi? Zauren duniya ba taro kaɗai ba ne. EMES tana shirya makarantar horo ga masu digiri na uku, a nan ne ɗalibi ke samun wanda zai karanta aikinsa layi-layi ya ce nan ka yi rauni.

Kawu (Injamena):
Ban ce a rufe ƙofa ba. Na ce wanda ya je shi kaɗai, mai tara wa wasu bayanai zai zama, ko da yana da digiri uku. Wanda ya je da ƙungiya a bayansa, da tambayarsa, da bayanan da ke ajiye a jami'arsa, shi ne ake zama da shi a tsara aiki. Kuma ba Turai ce kaɗai waje ba. CODESRIA, majalisar masu binciken zamantakewa ta Afirka, tana Dakar tun 1973. Babban taron duniya kan tattalin arzikin jama'a da taimakon juna ma a Dakar aka yi shi a 2023, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri kan batun.

Alaramma (Mora):
Assalamu alaikum. Ina bin maganarku tun ɗazu. Abu ɗaya ban ji an ambata ba. Kafin a zo mana da GIC muna da waƙafi: mutum ya tsayar da gona ko rijiya ko shago, asalin ba a sayarwa ba a gado, amfanin yana tafiya ga makaranta ko marayu. Muna da ƙiradi, mai dukiya ya ba mai ƙarfi jari su raba riba, in an yi asara ba da sakaci ba ta faɗa kan dukiyar. Duk wannan yana cikin littattafan fiƙihun da muke karantarwa a zaure kullum. Kuma ku sani, mutane da yawa a nan suna ƙin shiga asusun bashi ne saboda tsoron riba, wato kuɗin ruwa, ba don ba su da bukata ba. Mai binciken da bai san wannan ba zai rubuta cewa mutanen Mora ba su waye ba. In za ku haɗa masana, ku sa da malaman zaure. Kuma ku leƙa Najeriya, Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiya guda kan harkar kuɗi ta Musulunci, Maiduguri kuwa ta fi mana Yawunde kusa nesa ba kusa ba.

Maman Ilham (Marwa):
Allah ya gafarta Malam, wannan gyara ne mai girma. Har da Hajiya, don ƙarin da ake ɗorawa kan bashin akwati na cikin abin da mata ke ta muhawara a kai, wasu ƙungiyoyin sun sauya shi da sayar da kaya bashi. Wannan kaɗai ya isa kundi guda. Maganar Najeriya kuma tana da wata fa'ida: su da Turanci suke rubutu, mu da Faransanci, manyan mujallun fannin galibi na Turanci ne. Malamin Maiduguri ko Yola da na Marwa in suka haɗu kan takarda ɗaya, da Hausa ko Fulatanci za su tattauna ta, ta fito a harsuna biyu.

Uwar Adashe (Kusiri):
Mu ma mun yi wannan rigimar, har wasu suka fita. Daga baya muka koma sayen buhun shinkafa da mai da kuɗin akwati, mai so ta ɗauka ta biya da kaɗan-kaɗan a farashin da aka yi yarjejeniya. Waɗanda suka fita sun dawo.

Amma Malama ina da tsoro ɗaya. In muka buɗe muku littafi, sunayen mata da abin da kowa ta tara ya tafi intanet, gobe mai haraji ya zo da takarda, ko mijin wata ya ji abin da take da shi. Akwai matan da mazansu ba su san yawan zubinsu ba, kuma da dalili.

Ɗan Ngaundare:
Inna, wannan ana iya kiyaye shi. Ana cire suna da unguwa tun kafin a shigar da bayani, lamba kawai ake sawa. Amma gaskiyarku, ƙauye ƙarami ne, in aka ce bazawara mai sayar da kifi mai 'ya'ya bakwai, kowa ya gane ta ko ba suna.

Maman Ilham (Marwa):
To bari in kawo abin da nake gani, ku gyara. Kada mu fara da kafa ƙungiya mai shugaba da ma'aji da hatimi, don tambayar Baban Sadiq za ta hau kanmu mu ma. Mu fara da aiki. Wurare uku: masu albasa na Garwa, akwatin matan Kusiri, da wata kofaratif da Kawu zai nemo mana a Chadi. Tambaya ɗaya ga duka, ita ce ta Alhaji: me ke raya ƙungiya bayan furoje ya tafi, me ke kashe ta. Dole a haɗa da waɗanda suka mutu, a nemi tsoffin shugabanninsu a ji ta bakinsu, in ba haka ba labarin masu rai kaɗai za mu ji. Kowane wuri, ɗalibi ɗaya da mutum ɗaya daga cikin ƙungiyar su yi aikin tare, sunansu duka a kan takardar. Bayanan su zauna a jami'ar da ɗalibin yake, ƙungiya ta riƙe kwafi. Kafin a aika ko'ina, a koma a karanta wa membobi da harshensu. In mun sami takardu uku masu ƙwari, ƙanena na Beljiyam ya kai su inda ya sani, mu gayyaci waɗanda suka nuna sha'awa su zo Marwa ko Injamena.

Ɗan Gider (Beljiyam):
Yaya, na yarda da kusan duka. Wuri ɗaya nake da ja. Karanta wa membobi, in don su ji ne su gyara kuskure, madalla. In kuwa don su ba da izini ne, to ranar da bincike ya nuna cewa ma'aji ne ya ci kuɗin, ko shugaba ya mayar da injin gonarsa, ko an hana mata magana a taro, takardar ba za ta fita ba. Kuma ina kyautata zaton amsar tambayar Baba tana cikin irin waɗannan ne.

Baban Sadiq (Garwa):
Ɗana, ka yi magana. Zaton da na ce ina da shi, kusan shi ne ka faɗa. Waɗanda suka mutu, yawancinsu ba don manoma aka kafa su ba, an ji ne za a raba kaya, wani ya tara 'yan'uwansa ya rubuta sunaye. Wasu kuma rumfar ajiya ce ta raba su: albasa a lokacin girbi ba ta da daraja, sai wajen ƙarshen shekara take tsada, mai haƙuri yana son a jira, mai bashi a wuya yana son a sayar yau. In ba a yi dokar wannan tun farko ba, faɗa ne.

Ni ba na tsoron a rubuta laifinmu. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne in ji shi daga bakin baƙo bayan duniya ta karanta. A faɗa mana a fuska tukuna, a gaban membobi. In ƙarya ne mu kawo littafi mu nuna. In gaskiya ne a buga, a rubuta amsarmu a ƙasa, a sakaya sunan mutum don yana da iyali.

Kawu (Injamena):
Wannan ya yi mini. Ba izini ba, haƙƙin amsa. Saura kuɗin mota da abincin ɗalibai.

Baban Sadiq (Garwa):
Masauki da tuwo a Garwa na kanmu. Kuɗin mota ku malamai ku san yadda za ku yi. Ku bari sai an gama cire albasa, lokacin ne rigimar ajiya ke tashi, yaron ya gani da idonsa. Zan sa a fito da tsoffin littattafan tun na farko, wasu gara ta taɓa su amma ana karantawa.

Ɗan Ngaundare:
Baba Alhaji, in Malama ta amince ni zan zo. Sai dai ina roƙon a rubuta yarjejeniyar suna da ta bayanai tun yanzu, kowa ya sa hannu kafin a fara.

Maman Ilham (Marwa):
Na amince. Zan tsara ta shafi ɗaya da Faransanci da Hausa in saka a nan, Kawu ya duba ta fuskar Chadi, Malam ya duba ta fuskar amana. Hajiya, ke fa?

Uwar Adashe (Kusiri):
Ni kaɗai ba zan yanke ba, sai na kai wa mata ranar zubi. Amma tun yanzu ina faɗa, mace za ku turo mana, mai jin Larabcin Shuwa, don rabinmu da shi suke magana. Kuma littafin zubi ba zai fita daga ɗakin ba, ta zo ta karanta a gabanmu.